Aninin Wasa, Rigimar Gaske: Yadda Muƙami Ke Raba Masu Kwaikwayon Tarihi

Duk shekara idan zafi ya shigo a Amurka, akwai mutanen da ke ɗaukar hutun aiki su tafi wata gona su kafa tanti, su sa riga da wandon ulu masu kauri, su kwana a ƙasa, su ci busasshen biskit irin wanda sai an jiƙa shi kafin haƙori ya iya da shi. A cikinsu akwai malamin makaranta, akwai direban tirela, akwai likitan haƙori. Da gari ya waye sai su ja daga, wasu cikin shuɗin sojojin arewa wasu cikin ruwan tokar sojojin kudu, su yi ta harba bindigogin da aka ɗura wa albarushi zalla ba harsashi, suna maimaita yaƙin basasar da ƙasarsu ta yi daga 1861 zuwa 1865. Da kuɗin aljihunsu suke sayen komai, daga bindiga har maɓallin riga. Mutum zai jure zafi da sauro da ciwon baya shekara goma bai ce uffan ba. Amma ranar da aka ce ya cire alamar kyaftin daga kafaɗarsa ya koma cikin sahu, ranar ce zai naɗe tantinsa, ya ja mutum huɗu ko biyar su je su kafa tasu ƙungiyar.

Ban ɗauki wannan abin dariya ba. Mutanen nan suna yin aikin da littafi ba ya iyawa: yaro ya ɗaga bindigar da hannunsa ya ji nauyinta, ya shaƙi warin albarushi, ya ga yadda hayaƙi ke rufe fili har mutum ba ya ganin na gabansa. Duk lokacin da ƙungiya ta watse saboda rigimar muƙami, wannan ilimin ne ke asara.

Abin ya samo asali ne daga su tsofaffin sojojin da kansu. A 1913, shekara hamsin bayan gumurzun Gettysburg, ɗaya daga cikin manyan fafatawar yaƙin, tsofaffin mayaƙa fiye da 50,000 daga ɓangarorin biyu suka taru a filin, wasunsu suka sake taka hanyar da suka bi ranar 3 ga Yuli 1863, suka iske abokan gabarsu na da a bakin katangar dutse, aka yi musafaha. Waɗannan ba su da rigimar anini, domin kowa ya san wanda ya ba shi umarni a ranar wuta. Kwaikwayon zamani ya kankama ne wajen 1961, lokacin cika shekara ɗari da fara yaƙin, ya yi ta bunƙasa har taron Gettysburg na 1998 ya tara masu kwaikwayo fiye da 15,000. A nan ne matsalar ta fito fili, domin yanzu kowa na iya shiga kanti ya sayi kayan kanar.

Sai an san alamomin kafin a gane zafin gardamar. A rundunar Tarayya, wato ta jihohin arewacin Amurka, hafsa yana ɗauke da girmansa ne a wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a kan kafaɗa: sanda ɗaya laftanar na farko, sanda biyu kyaftin, ganyen zinariya manjo, ganyen azurfa laftanar-kanar, mikiya kanar. Launin ƙyallen ma magana yake yi: shuɗi mai haske sojan ƙasa, rawaya mahaya dawaki, ja 'yan igwa. A rundunar jihohin kudu, waɗanda suka ɓalle don kare bautar da baƙar fata, a wuyan riga ake sa alamar: sanduna ɗaya zuwa uku har kyaftin, taurari ɗaya zuwa uku daga manjo zuwa kanar, janar kuma taurari uku a cikin zoben ganye. Kofur igiya biyu, saje igiya uku, kamar dai yadda muka saba ji a bakin tsofaffin sojojinmu.

Yanzu ga lissafin da ke haifar da rigimar. Bisa ƙa'ida, kamfani ɗaya mutum ɗari ne, da kyaftin ɗaya, laftanar biyu, saje biyar, kofur takwas. Kamfani goma ke yin runduna guda ta mutum dubu, kuma a nan ne kawai ake samun kanar ɗaya. Ko bayan ciwo da harsashi sun rage su, kanar yakan jagoranci ɗaruruwa. Joshua Chamberlain, kanar ɗin arewa da ya tsare tudun Little Round Top a Gettysburg ranar 2 ga Yuli 1863, da mutum ƙasa da ɗari huɗu ya yi. Ita kuwa ƙungiyar kwaikwayo, idan ta fito da mutum ashirin a taro, ta yi ƙoƙari. To ka ɗauki safiyar Asabar, an busa bigila, an fito fareti. Ƙungiyoyi shida sun zo daga garuruwa shida, kowace da kyaftin ɗinta, biyu ma da kanar. Aka ƙirga masu riƙe da bindiga aka samu saba'in. Wato mutanen ba su cika kamfani ɗaya ba, amma masu takobi a ɗamara sun kai goma sha biyu. Mai masaukin baƙi ya zagaya da takardarsa yana cewa kyaftin ɗaya yake buƙata. Kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran maɓalli. Wa zai cire?

A ganina, abin da ya sa wannan tambaya take da wuyar amsawa shi ne ƙyallen nan guda yana ɗauke da da'awa uku a lokaci ɗaya, kuma masu gardama ba sa rarrabe wacce suke magana a kai.

Da'awa ta farko ta tarihi ce. Mai alamar yana ce wa ɗan kallo: haka kyaftin na 1863 yake. A nan tambayar ta daidaito ce kawai, ɗinkin ya yi kama da na zamanin ko bai yi ba, adadin mutanen ya dace da girman ko bai dace ba. Masu tsananin kishin daidaito suna da kalmar da suke jifan wanda bai damu ba da ita, suna ce masa "farb", kuma kalmar tana da zafi a tsakaninsu ƙwarai. Sai dai su ma ba bakinsu ɗaya ba, domin littafin ƙa'ida daban, abin da hotunan zamanin ke nunawa daban. Robert Lee, babban kwamandan kudu, yawanci taurari uku yake sawa ba zoben ganye, wato alamar kanar. Ulysses Grant, babban kwamandan arewa, ya karɓi miƙa wuyan Lee a Appomattox ranar 9 ga Afrilu 1865 sanye da rigar ƙaramin soja, ƙyallen kafaɗa kawai ke nuna girmansa. Hafsoshi da yawa a fagen daga sukan rage kwalliya don kada gwanayen harbi su tsinto su daga nesa. Saboda haka wanda ya riƙe littafi da wanda ya riƙe hoto, kowannensu da hujjarsa, kuma irin wannan saɓanin ana iya kashe shi da bincike idan an so.

Da'awa ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta iko na gaske. Yaƙin na wasa ne, albarushin ba na wasa ba ne. Kafin a shiga fili, saje yana bin sahu mutum-mutum. Kowa ya zare siririn ƙarfen da ake danna albarushi da shi, ya sake shi cikin bututun bindiga. Idan ya yi ƙara tsaf kamar ƙararrawa, cikin fanko ne, idan ya yi dum, akwai abin da ya maƙale, sai a fitar da mutumin gefe. A cikin fili kuwa galibin taruka sun hana zare wannan ƙarfen gaba ɗaya, domin idan aka manta shi a ciki aka ja kunama, ya zama mashi. Akwai tazarar da ba a ƙetarewa a gaban igwa. A wancan babban taro na 1998 an harbi wani matashi a wuya da ƙaramar bindigar da aka bar harsashi a cikinta. Allah ya sa ya rayu. Wannan ya nuna cewa mai ba da umarnin a buɗe wuta dole ya zama wanda ya san aikin, wanda idan ya ɗaga murya ya ce a tsaya za a tsaya. Wanda ya sayi mikiyar kanar a kanti amma bai iya juya sahu daga tafiya zuwa daga ba, haɗari ne ga mutanen da ke bayansa.

Da'awa ta uku ita ce wadda ba a faɗa da baki, kuma ita ce ke kawo hawaye. Mutum ya kafa ƙungiya a ɗakin ajiye motarsa shekara ashirin da suka wuce. Shi ke jan tirelar tantuna, shi ke biyan kuɗin inshora kafin a tara masa, shi ke ba sabon shiga aron bindiga. Alamar da ke kafaɗarsa ita ce kaɗai godiyar da aka taɓa yi masa a bainar jama'a. Idan wani yaro da ya shigo bara ya ce masa, da gaskiyarsa kuwa, mutum goma ba sa buƙatar manjo, abin da dattijon ke ji shi ne an ce shekarunsa ashirin ba su da daraja. Yaron tarihi yake magana, dattijon alhaki yake ji, shi ya sa za su yi awa uku ba wanda ya amsa wa wani.

Mu ma mun san wannan a gida. A wasan kalankuwa da samarin karkara ke yi bayan an kawar da amfanin gona, akan naɗa sarki da alƙali da 'yan doka, kuma a kwanakin wasan hukuncinsu yana ci a tsakanin matasa, amma kowa ya san ranar da za a tashi. A gefe guda kuma ba wanda zai yi rawani mai kunne biyu ya shiga hawan sallah a Kano yana cewa ai ado ne, domin alamar tana da masu ita. Ƙungiyoyin kwaikwayo suna tsakanin waɗannan biyun ne, kuma yawancinsu ba su taɓa zama sun yanke wanne suke ba.

Akwai ƙungiyar da ta yanke, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ana ce mata SCA a taƙaice, an kafa ta a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1966, tana raya rayuwar Turai ta kafin shekarar 1600. Ta raba duniyarta zuwa masarautu 20. Ba ta kwaikwayon wani sarki na tarihi; nata sarakunan take yi. Ana samun sarauta ne ta hanyar gasar faɗa da sanduna cikin sulke, wanda ya yi nasara ya hau tare da wadda ya yi faɗan dominta, kuma a yawancin masarautun wata shida ake yi a sauka. Wanda ya yi sarauta sau ɗaya yana da irin kambinsa, wanda ya yi sau biyu yana da nasa mai siffar ganye. Farar ɗamara da sarƙar wuya maras kwalliya na barade ne kaɗai, waɗanda sarki ya ɗaga bayan ya shawarci sauran barade. A nan alamar ba ta da'awar tarihi. Lada ce ta abin da mutum ya yi a cikin ƙungiyar, kuma an rubuta hakan.

Rubutawar ba ta kawar da gardama ba, ta dai sauya mata fuska. Sabon shiga ya yi bincike, ya ga zanen wani ɗan kasuwa na ƙarni na goma sha huɗu da farar ɗamara, ya ɗinka irinta tsaf, ya zo taronsa na farko yana murna. Ta fuskar tarihi bai yi kuskure ba. Ta fuskar ƙungiya ya sa abin da wani ya yi shekara goma yana shan duka kafin ya samu. Akwai kuma abubuwan da ba doka ba ne, al'ada ce, kamar jar ɗamarar da yaran barade ke sawa, wadda a wata masarautar ake kiyayewa sosai, a wata kuma ba a damu ba. Mutum ya yi tafiya zuwa babban taronsu na Pennsic, inda dubban mutane daga masarautu daban-daban ke haɗuwa, sai ya tarar abin da ya halatta a garinsu abin kallo ne a nan. Yadda aka yi wa sabon nan magana a wannan ranar shi ke yanke ko zai dawo. Idan wani ya ja shi gefe ya yi masa bayani, ya kwance tasa ɗamarar ta daban ya ara masa, an samu ɗan ƙungiya. Idan aka tsawata masa a gaban jama'a, an rasa shi, kuma zai ba da labarin duk inda ya je.

Ko a ƙololuwar abin ba a tsira ba. Lokacin cika shekara 200 da yaƙin Waterloo a Beljiyam, a Yunin 2015, masu kwaikwayo wajen 5,000 suka taru da dawaki da igwa, kuma kafin taron jaridu sun yi ta ba da labarin takarar wanda zai zama Napoleon tsakanin wani lauya Bafaranshe, Frank Samson, da Ba'amurke Mark Schneider. Samson ne ya sa hular. Fili ɗaya ba ya ɗaukar Napoleon biyu, kuma masu shirya taro ne suka zaɓa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan rigimar cikin gida ce. Lamarin yana sauyawa idan aka matso kusa da zamaninmu, inda masu alamar na gaske suna raye ko 'ya'yansu suna cikin 'yan kallo. Wanda ya sa kayan yaƙin duniya na biyu ko na Biyetnam ya liƙa lambar jarumta a ƙirji yana iya cin karo da mutumin da ya bar ƙafarsa a wurin da aka ba da irin wannan lambar. A nan doka ma tana da ta cewa. Birtaniya tana da dokar kakin soja tun 1894, wadda ta hana sa kakin ba izini amma ta keɓe wasan kwaikwayo. A Amurka Kotun Ƙoli ta soke wata doka a 2012 da ta haramta ƙaryar samun lambar yabo, bisa hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki, sai majalisa ta yi sabuwa a 2013 wadda ta taƙaita laifin ga wanda ya yi ƙaryar don ya samu kuɗi ko wata moriya. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuka ya haramta nuna alamomin Nazi a bainar jama'a, har da na rundunar SS ta Hitler, da hukuncin da zai iya kai shekara uku a kurkuku. A Amurka ba a haramta ba, amma a 2010 hotunan wani ɗan takarar majalisa a Ohio, Rich Iott, sanye da kayan SS a wurin kwaikwayo sun jawo masa suka daga ko'ina. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: lambar da aka samu da jini ba kayan wasa ba ce matuƙar masu ita suna numfashi, kuma alamar rundunar da ta yi kisan kiyashi ba ta zama tsarkakakka don an ce darasin tarihi ake bayarwa. Ana iya koyar da abin a kan tebur a cikin akwatin gilashi ba tare da wani ya yi tinƙaho da shi a wuyansa ba.

To yaya ake kashe wutar a cikin ƙungiya? Abin da ya fi aiki shi ne a ɗaura girma a kan kujera da adadin mutane, a rubuta shi tun ana dariya da juna. Mutum goma, saje ya ishe su. Sun kai ashirin da biyar ko talatin, a fito da hafsa. Idan aka je taron wasu, tsarin mai gida ake bi, kuma a sanar da shi a takardar gayyata domin kada mutum ya yi tafiyar awa takwas da takobinsa sannan a ce masa a'a a gaban yaransa. Wanda zai riƙe umarni a fili ya ci jarrabawar fareti da ta kiyaye haɗari, ko da shi ya kafa ƙungiyar.

Sannan a yi zaɓe mai wa'adi. Wasu na ganin zaɓe bai dace da soja ba, alhali a yaƙin basasar Amurka shi ne ainihin tarihin: a farkonsa kamfanonin 'yan sa-kai su ke zaɓen kyaftin da laftanar ɗinsu, a arewa da kudu. Abraham Lincoln kansa abokansa ne suka zaɓe shi kyaftin a yaƙin Black Hawk na 1832, kuma daga baya ya bayyana cewa wannan zaɓen ya faranta masa fiye da nasarorin da suka biyo baya. Da wa'adin kamfaninsa ya ƙare, sai ya sake shiga aikin a matsayin ƙaramin soja. Hawa da sauka ma tarihi ne: George Custer, hafsan arewa, ya kai manjo-janar a lokacin yaƙin basasar, da aka sallami rundunar 'yan sa-kai ya koma girmansa na dindindin, kuma laftanar-kanar ne lokacin da aka kashe shi a 1876. Ƙungiyar da ke karanta wa 'ya'yanta irin waɗannan labarai tana sauƙaƙa wa wanda zai sauka, domin ya ga magabatan da yake kwaikwaya sun sauka kafin shi.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne da'awa ta uku, ta dattijon nan mai tirela. Idan za a karɓe alamar daga kafaɗarsa, dole a samar wa godiyar wani gida. A ba shi shugabancin ƙungiya a takarda, wanda ba ya buƙatar anini. A sa shi horar da sababbi, a sa sunansa a kyautar shekara, a miƙe masa idan ya shigo wurin cin abinci. Kuma maganar saukar tasa a yi ta a gidansa, mutum biyu da yake jin nauyinsu su je su same shi, makonni kafin taro, ba a filin fareti ba, ba kuma a Facebook ba, inda kowace kalma ke zama shaida. Idan saɓanin tsakanin ƙungiyoyi biyu ne, a nemo na uku da ba shi da ɗan takara, a amince tun farko cewa hukuncinsa na wannan taron ne kawai.

Su masu kwaikwayon yaƙin basasa suna da wata al'ada da ta riga ta koya musu rabin wannan. Sau da yawa masu ruwan toka sun fi masu shuɗi yawa a taro, sai a roƙi wasu su sauya riga su koma ɗaya ɓangaren don filin ya yi kama da gaskiya. Saboda haka tsofaffin hannu da yawa riga biyu suke zuwa da ita a bayan mota. Wasu kyaftin-kyaftin ɗin sukan ƙara ta uku, rigar ƙaramin soja maras komai a kafaɗa, da bindiga a naɗe cikin bargo. Idan mai masaukin baƙi ya zagayo da takardarsa da safe ya ce kyaftin ɗaya yake buƙata, sai mutum ya koma mota ya ajiye takobi, ya ɗauko bindigar, ya shiga sahun baya kusa da yaron da ya koya wa fareti bara, ya zare ƙarfensa ya jira saje ya iso kansa.